Yadda ake auna ragowar magungunan tsirrai a naman kaji

Wasu masu kiwon kaji a Maradi suna zuba garin zogale, tafarnuwa, kurkum, kanumfari ko ganyen bedi a abincin kaji don su rage ba su antibiyotik. Dabara ce mai kyau. Sai dai fitowar abu daga tsiro ba hujja ba ce cewa ba ya barin komai a jikin kaza, kuma mai saye yana da haƙƙin sanin abin da yake ci. Hanci da harshe ba sa wannan awo, sai labo, wato ɗakin gwaje-gwaje.

Kafin ka yanka ko kaza ɗaya, san sinadarin da kake nema. Idan kurkum ka ba su, sinadarin da ke cikinsa mai suna kurkumin ake nema. Na kanumfari yujinol ne, na bedi azadiraktin. Mai ƙamshi da saurin tashi irin yujinol da wata na'urar labo mai suna GC-MS ake kama shi, kurkumin kuwa da wata mai suna HPLC. Fara da tambayar LABOCEL (labon kiwon dabbobi na ƙasa) ko LANSPEX (labon lafiyar jama'a na ƙasa) a Yamai ko suna yin wannan gwajin, ko ka nemi shawarar malaman aikin gona na Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo a nan gida. Kada ka aika nama sai sun ce maka kawo.

Ka ware wasu kaji tun farko, tsarar sauran, abinci ɗaya, amma kada ka zuba musu garin. Ba tare da su ba, babu abin da za a gwama sakamakon da shi.

Daga kowace kaza ɗauki tsokar ƙirji kamar giram 100, hanta gaba ɗaya, da fata tare da kitsenta, domin sinadaran da ke narkewa cikin mai a kitse suka fi maƙalewa. Fara da kajin da ba su ci garin ba, kuma a wanke wuƙa da katako bayan kowace kaza.

A wurin ƙunshi da sanyi ne na ga aikin mutane yana lalacewa. Mutum ya sha wahalar kiwo, sai ya tattara naman a baƙar leda, ya ɗora ƙanƙarar kasuwa, ya ba direba. Maradi zuwa Yamai ya haura kilomita 600, kuma a watan Afrilu zafi yana wuce digiri 40. Kafin a kai Dogon Dutsi ƙanƙarar ta zama ruwa, jinin hanta ya gauraye da na tsoka, rubutun biro ya wanke. Ita kanta leda tana shan sinadarai masu ƙamshi, haske kuma yana lalata kurkumin. Don haka a naɗe kowane yanka shi kaɗai da takardar aluminiyam, sannan a sa shi a leda mai zif. Lambar kaza da ranar yanka a rubuta su da fensir a ƙaramar takarda, a jefa ciki. A daskarar da shi nan take a digiri 20 ƙasa da sifili, ya yi tauri kamar dutse kafin ya shiga kula. In wuta ta ɗauke har ya narke, ni dai ba na yarda a sake daskarar da shi, gara a yanka wata kaza. Kuma a bi motar da za ta isa ranar aiki, kada kaya su kwana a tasha.

In kuɗi sun yi kaɗan, ana iya haɗa tsokar kaji uku ta zama samfuri ɗaya, amma ba a haɗa hanta da tsoka. Saka abincin kajin kaɗan a ƙunshi dabam, kuma in da ƙuli-ƙuli a ciki ka ce a duba afulatoksin, gubar da fumfuna ke bari a gyaɗa.

Sauran aikin na labo ne: niƙa, tatsar sinadarin, sai na'ura. Sakamako zai zo da miligiram a kowane kilo. "Ba a gani ba" na nufin adadin bai kai abin da na'urar ke iya kamawa ba, don haka tambayi iyakarta. In kana son sanin kwana nawa za ka tsayar da garin kafin sayarwa, yanka wasu ranar da ka tsayar, wasu bayan kwana 3, wasu bayan 7, ka aika duka tare.