Yadda Ake Fara Koyon Aikido

Aikido fanni ne na kare kai da ya samo asali daga Japan. Duk wanda ya shiga zauren aikido, wato dojo, da niyyar koyon kayar da mutane zai sha mamaki, domin faɗuwa za a fara koya masa. Morihei Ueshiba, wanda aka haifa a garin Tanabe na Japan a 1883, ya rasu a 1969, ya gina wannan fanni a kan dabarun Daito-ryu, wani salon faɗa na Japan da ya koya a hannun malaminsa Takeda Sokaku, amma ya karkata shi zuwa ga gyaran hali, har ta kai ba a yin gasa sam a Aikikai, ƙungiyar aikido mai hedikwata a Tokyo.

Kafin ka hau tabarmar horo, ka tuɓe takalmi, ka yanke farce, ka cire zobe da agogo. Ana buɗe darasi a durƙushe, sannan a rusuna wajen hoton Ueshiba. Idan hakan ya saɓa wa aƙidarka, ka sanar da malamin tun da wuri, kada ka bari sai an jeru.

Faɗuwar ita ce ukemi, kuma a ganina wanda bai ƙware a kanta ba bai fara komai ba. Ka soma daga kan gwiwa, ka lanƙwasa hannunka kamar bakin ƙwarya, ka manna haɓa a ƙirji, ka mirgina a karkace daga kafaɗa ɗaya zuwa ƙugun ɗaya ɓangaren, ba tare da kanka ya taɓa ƙasa ba. Sabon shiga yakan tsorata ya dafa ƙasa da hannu a sandare, kuma a nan ake samun targaɗe.

Daga nan sai takun ƙafa guda biyu: irimi, wato kutsawa ta gefen mai kawo hari, da tenkan, wato juyawa a kan ƙafar gaba har ku fuskanci waje ɗaya, ƙarfinsa ya wuce a banza. Idan ka ji kana yunƙuri da damtse, to ƙafarka ce ba ta tsaya daidai ba.

Bibbiyu ake atisaye, ana karɓa-karɓa tsakanin mai kayarwa da mai faɗuwa. Idan aka murɗa maka wuyan hannu ka ji zafi, ka bubbuga tabarma da tafin ɗaya hannun, abokinka zai sake ka nan take, kuma hakan yake jira daga gare ka idan zagayenka ya zo.