Idan ɗan'uwa ya fara maganar kashe kansa kuma ya ƙi zuwa asibiti: yadda iyali za su yi

Iyalai da yawa hanya biyu kawai suke gani a irin wannan hali. Ko a ce "babba ne, a ƙyale shi", ko a kira ƙarti huɗu su danne shi a jefa a mota. Tsakanin waɗannan biyun akwai matakai da dama, kuma yawanci a cikinsu ake samun mafita. Tilas tana da wurinta, amma ita ce ta ƙarshe, kuma ba a so ta daɗe.

A fara da tambaya, kai tsaye. Mutum ɗaya da yake jin nauyinsa ya zauna da shi, ba taron dangi ba, ya ce: "Yaya, na ga kwana biyu ba ka barci, abinci ma sai dai a kwashe. Tunanin kashe kanka yana zuwa maka ne?" Likitocin ƙwaƙwalwa sun daɗe da tabbatar da cewa wannan tambaya ba ta cusa wa mutum tunanin da ba shi da shi. Idan ya ce e, a tambaye shi ko ya tsara yadda zai yi, ko ya tanadi wani abu, ko ya sa lokaci, ko ya taɓa gwadawa a baya. Amsoshin nan su ne ma'aunin gaggawa. Wanda ya ce "wani lokaci nakan ji gara a ce ba na raye" daban yake da wanda ya sa rana, ya fara biyan basussuka, yana neman gafarar mutane. Kada a fara da wa'azi. Ya san hukuncin tun yana yaro, kuma da ya ji an ɗauko wa'azi zai ce wasa yake yi, ya rufe bakinsa.

Tun a ranar, a kawar da abin da hannu zai iya kaiwa gare shi: maganin ƙwari na gona da na ɗaki, fiya-fiya, maganin ɓera, magungunan hawan jini da na suga na tsofaffin gida, bindigar farauta. A kai su gidan maƙwabci ko a kulle, makulli a hannun mutum ɗaya. Tsananin yunƙurin yakan zo ya wuce cikin mintuna ko sa'o'i, don haka nisan da aka sa tsakanin mutum da guba yana ceton rai. Wannan ne ya sa NAFDAC ta taƙaita sayar da Sniper a kasuwanni a 2019. A gaya masa abin da aka yi da dalilin yin sa. Idan shi ya gano da kansa an yi a ɓoye, amana ta tafi. Sannan a raba kwana: kada a bar shi shi kaɗai, dare da rana, har likita ya gan shi.

Kalmar "a'a" ta farko ba ita ce ƙarshen zance ba. A bincika abin da yake tsoro. Sau da yawa sunan wurin ne: ka ce asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ko na Barnawa ko na Kware, shi kuma ya ji "mahaukaci". To a ba shi zaɓi na gaske. Zai iya fara ganin likita a asibitin koyarwa, kamar na Malam Aminu Kano ko na Shika, inda sashen ƙwaƙwalwa yake cikin sauran sassa, babu mai sanin wace ƙofa ya shiga. Ya zaɓi wanda zai raka shi, ya zaɓi safe ko yamma, a yi masa alkawarin cewa za a ga likita ne, shawarar kwanciya kuma da shi za a yi. Wani kuma doka yake tsoro, domin sashe na 231 na dokar Penal Code ta Arewa ya sa yunƙurin kashe kai cikin laifuka, da ɗaurin da zai kai shekara guda. Ghana ta soke irin wannan hukunci a 2023. A tabbatar masa asibiti za a je, ba caji ofis ba. Kada a yaudare shi da "zo mu je gaisuwa". Yaudara takan yi aiki sau ɗaya, gobe ko maganin zazzaɓi ba zai karɓa daga hannunku ba.

Yaushe ke nan ake wuce amincewarsa? Abin da likita yake aunawa shi ne ko mutumin yana fahimtar bayanin da aka yi masa, yana riƙe shi, yana iya auna amfani da illa, yana kuma iya faɗin abin da ya zaɓa. Ƙin bin ra'ayin dangi kawai ba rashin hankali ba ne. Amma idan yana jin muryoyi suna umartarsa, ko ya daina ci da sha kwanaki, ko ya riga ya yi yunƙuri yana cewa zai sake, ko mai jego ce da ta rikice a makonni biyun farko tana maganar cutar da kanta ko jaririn, ba a jira. A kai shi sashen gaggawa mafi kusa, ko a kira 112. Wanda ya riga ya sha wani abu, kada a ɗura masa manja ko madara, kada a sa shi amai, a tafi da kwalbar. Rikicewar da ta zo farat ɗaya tare da zazzaɓi ko sanƙarewar wuya tana iya zama sanƙarau, ko maleriyar da ta hau kai, ko faɗuwar suga, don haka gwajin jiki ne farko.

Masana kansu ba su daidaita a kan tilas ba. Kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu buƙata ta musamman ya ce a 2014 a daina yanke shawara a madadin mutum, a taimaka masa ya yanke da kansa. Likitoci da yawa suna cewa ciwon damuwa mai tsanani shi kansa yana ƙwace wa mutum zaɓinsa, kuma wanda ya rasu ba a sake jin ra'ayinsa. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Najeriya, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta tsaya a tsakiya: ta yarda da kwantar da mutum ba da son ransa ba idan akwai haɗari mai tsanani, bisa shawarar likitoci, tare da damar ƙorafi. A ganinmu wannan shi ne daidai, muddin iyali sun riƙa tambaya: kwana nawa, wane magani, yaushe za a sake dubawa, yaushe za a mayar masa da ikon cewa e ko a'a.

Mari da sarƙa ba sa cikin wannan lissafi. Abin da 'yan sanda suka gano a Rigasa ta Kaduna a Satumbar 2019, mutane sama da 300 a kulle, da yawa da mari a ƙafa, ya isa misali. Addu'a da ruƙiyya suna iya tafiya tare da magani, duka da horon yunwa ne ba a yarda da su ba. Idan dole aka riƙe mutum a hanyar asibiti, kada a kifa shi rub da ciki, kada a hau ƙirjinsa ko wuyansa, domin numfashi yana iya tsayawa. Kada a kira mai kemis ya yi masa allurar barci a gida, kada kuma a zuba masa magani a kunu.

Inda aka fi sakaci shi ne bayan sallama. Makonnin farko bayan fitowa daga asibiti suna cikin lokutan da suka fi haɗari, daidai lokacin da dangi suka huce. A karɓi ranar komawa kafin a bar asibiti, cikin mako guda. Maganin damuwa yakan ɗauki mako biyu zuwa huɗu kafin a ga aikinsa, don haka wani ya riƙe shi, yana ba da na kullum. Idan wuya ya sanƙare, ido ya juya sama, ko ya kasa zama wuri ɗaya bayan fara sabon magani, illar maganin ce, ba aljanu ba, a koma asibiti a ranar. In ya samu sauƙi, a zauna da shi a rubuta takarda ɗaya da kalmominsa: alamun da yake gani kafin abin ya taso, mutum uku da zai kira da lambobinsu, asibitin da ya yarda da shi, da wanda ya amince ya yi magana a madadinsa idan ya sake rikicewa. Kwafi ɗaya a wayarsa, ɗaya a hannun wanda ya zaɓa.