Kada ku kankare tsohuwar bindigar gado

Jama'ar Damagaram, idan kun gaji tsohuwar bindiga, kada ku kankare ta da yashi ko toka, domin hakan yana cinye rubutun da darajarta take kansa. Bayan kun tabbatar babu harsashi ciki, ku shafa ɗan man keken ɗinki, ku goga alli a gefen hagu na ƙarfen da ke bayan bututu, haruffan za su fito fes. Idan kuka ga "Mle 1874" (wato samfurin 1874) tare da sunan garin da aka ƙera ta, St-Étienne, Châtellerault ko Tulle, to bindigar Gras ce ta sojan Faransa, kuma kuɗinta yana ƙaruwa idan lambar bututu ta dace da ta sakata, wato ƙarfen da ake ja a sa harsashi. Dabarar ba ta aiki ga adakar maƙeranmu, wadda ba ta da hatimi, ko bindigar da tsatsa ta riga ta cinye.