Kurakuran da sabbin shiga ke maimaitawa wajen sayen ƙaramar bindiga ta farko a Amurka

Wannan magana ta 'yan'uwanmu mazauna Amurka ce. A Najeriya Dokar Makamai ta 1959 ta sa ƙaramar bindiga cikin jerin makaman da aka haramta, ba mai riƙe ta sai da lasisin Shugaban Ƙasa, don haka wanda yake gida ya karanta don sani kawai. A Amurka doka ta ba da dama, kuma masu aikin dare da masu tsaron shago a Houston ko Atlanta ko Columbus da yawa sun fara tunanin mallakar guda ɗaya. Abin da ya gajiyar da ni shi ne kuskuren bai canzawa. Na bara shi ne na bana, sai dai fuskar mai yinsa ta canza.

Kafin ka taka shagon bindiga ka san matsayinka a doka. Ɗan ƙasa da mai katin zama na dindindin suna iya saye. Mai bizar karatu ko ta ziyara dokar tarayya ta hana shi, sai a wasu 'yan keɓantattun halaye, wanda ba shi da takardu kuwa ko taɓa ta kada ya yi. A shago mai lasisi sai ka kai shekara 21, ka cike fom mai lamba 4473, a binciki tarihinka. Ƙarya a wannan fom babban laifi ne. Sayo wa aboki da sunanka, irin zumuncin nan na “taimake ni, takarduna ba su fito ba”, tun 2022 hukuncinsa yana iya kai shekara 15 a kurkuku. Jihohi kuma ba ɗaya ba ne: Texas ta daina neman lasisin ɗauka tun 2021, New York kuwa ko ajiye ta a ɗakinka sai da izini.

Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne sayen bindigar da ta fi kowace ƙanƙanta. Mutum ya shiga shago, ya ce yana son wadda za ta ɓuya a jiki, a miƙo masa 'yar mitsitsiya irin Ruger LCP, ya jefa ta a tafin hannu, ya ji ba nauyi, ya ce ya samu. Bai sani ba ya sayi bindigar da ta fi kowace wuyar harbi. LCP ba ta kai giram 300 ba, Glock 19 ta haura giram 600. Nauyin nan da kake gudu shi ne yake shanye shurin bindiga, idan babu shi duk ƙarfin a tafinka da wuyan hannunka zai sauka. Mariƙin gajere ne, yatsu biyu kawai ke samun wuri, ɗan ƙaramin yatsa yana lilo a iska. Tazarar da ke tsakanin idon saiti na gaba da na baya kaɗan ce, don haka 'yar karkacewa kaɗan a hannunka tana zama babbar tazara a takardar da kake harbi. Sifirin ɗinta kuma yana da tauri, jan silaid, wato marfin sama mai komawa baya, sai an yi da gaske.

Je filin koyon harbi ranar Asabar ka tsaya bayan mai irin wannan bindiga. Harbin farko zai faɗa kusa da tsakiya, domin jiki bai san abin da ke zuwa ba. Daga na uku za ka ga kafaɗarsa ta ɗaga, idonsa ya runtse tun kafin ƙarar ta fito, bakin bindigar ya dunƙufa ƙasa. Ramukan duk sun taru a ƙasa ta hagu idan badame ne, ƙasa ta dama idan bahago ne. Kafin ya gama kwali ɗaya na harsashi 50 fatar da ke tsakanin babban yatsa da manuni ta yi ja, ya tattara ya tafi yana cewa saitin bindigar a karkace yake. Saiti lafiyarsa ƙalau. Hannu ne ya koyi tsoro, kuma cire wannan tsoro ya fi koyo daga farko wuya. Daga nan bindiga ta shiga durowa, ba a ƙara zuwa fili ba, amma ana ci gaba da yawo da ita a ƙugu. Wannan shi ne abin tsoron: mutum yana ɗauke da makamin da ba ya iya samun faranti da shi a yadi biyar, a cikin gari mai cike da mata da yara.

Maganinsa ka tsaya a matsakaiciya. Ni dai ga mai farawa ba na wuce ajin Glock 19, CZ P-10 C da Ruger Security-9, masu cin harsashi 15 da bututu mai kusan inci huɗu, ko Taurus G3C mai cin 12 ga wanda aljihunsa bai da nauyi. Mai siririn jiki da yake ganin waɗannan sun yi masa kauri ya duba Glock 43X ko Shield Plus ta Smith & Wesson. Mai raunin hannu, dattijo ko uwargida, akwai Shield EZ da aka yi musamman don silaid ɗinta ya ja cikin sauƙi. Kada ka saya don na faɗa. Filaye da yawa suna ba da hayar bindiga. Ka ɗauki uku, ka harba 30 zuwa 50 a kowace a yadi bakwai, ka jera takardun ka duba. A hannu kuma ka lura da abu huɗu: yatsu uku suna zaune daram a kan mariƙi, tsokar gaɓar farko ta manuni tana kai kunama ba tare da ka murɗa riƙo ba, babban yatsa yana kai maɓallin sakin magazin, wato gidan da ake jera harsashi a ciki, kuma kana iya jan silaid ka kulle shi a baya sau goma a jere. Wadda ta faɗi ɗaya daga cikin waɗannan ka mayar musu, komai kyanta.

Batun girman harsashi ba ya buƙatar dogon zance. Ka ɗauki 9mm. Ya fi .40 da .45 araha, ana samunsa ko'ina, shurinsa da sauƙi, hukumar binciken tarayya ta FBI ma ta bar .40 ta koma kansa. Mai ce maka sai .45 namiji ke riƙewa, bar shi da mazantakarsa.

Sai kuɗi. Mutum yana da dala 600, ya zuba su duka a bindiga, ya fito ba kube, ba harsashin gwaji, ba kuɗin malami. An sayi doki an rasa linzami. Raba su: kamar 350 ga bindiga, 60 zuwa 80 ga kube, 50 ga bel, sauran ga harsashi da ajin koyo na yini ɗaya. Bindigar dala 300 da aka harba sau 1,000 ta fi ta dala 700 da ke kwance a kwalinta amfani nesa ba kusa ba. Amma araha tana da iyaka. Kafin ka biya ka tambaya: ana samun magazin ɗinta a shago, kuma nawa ne? Masu yin kube suna yi mata? Akwai bindigogi masu arha da za ka wahala kafin ka sami kuben da ya dace da su, ribar da ka ci a farashi ta ƙare a nan.

Kuben shi ne abu na biyu da nake ɗaga murya a kai. Yawancin bindigogin nan na zamani ba su da makullin da ake turawa da babban yatsa. Abin da ke tsare kunama shi ne kube, ba wani abu ba. Duk da haka sai ka ga mutum ya soka bindiga a ƙugun wando haka nan tsirara, ko ya jefa ta aljihu tare da makullin mota da carbi, ko ya sayi kuben yadi mai laushi na dala 15 da aka rubuta wai yana shiga kowace bindiga. Haba malam! Kuben da ke shiga kowace bindiga bai dace da ko ɗaya ba. Yadi mai laushi yana lanƙwashewa ya shiga zoben kunama, kana tura bindiga yana jan kunamar, bakin kuma yana kallon cinyarka, inda babbar jijiyar jini take. Kube na gaskiya na roba mai tauri ne, irin kaides, an zuba shi daidai da ƙirar bindigarka, ya rufe zoben kunama ciki da waje, bakinsa yana tsaye a buɗe ko an zare bindiga. Gwajinsa: ka tabbata ba harsashi, ka sa ta ciki har ka ji ƙas, ka kifa a kan katifa ka girgiza a hankali. Idan ta faɗo, ƙara ɗaure sukurun riƙo, in ba shi da sukuru ka canza kube.

Mu kuma muna da tamu matsalar da masu shago ba su sani ba, wato tufafinmu. Wandon kaftani mai zariya ba ya ɗaukar nauyin bindiga, zai saki, kube ya karkata, ranar zarewa ya biyo bindigar ya fito tare da ita. Sai wando mai madaukai da bel mai tauri, faɗin inci ɗaya da rabi. Doguwar riga tana ɓoye bindiga da kyau, amma ɗage ta aiki ne, kuma gefenta ko bakin zariya na iya faɗawa cikin kube lokacin mayarwa. Saboda haka mayarwa ba a yin ta da gaggawa: ka yaye riga da ɗaya hannun har ƙirji, ka kalli cikin kuben da idonka, yatsa a miƙe a gefen bindiga, ka tura a hankali. Ka ji wata turjiya, tsaya ka fito da ita ka duba. Sannan ka gwada ruku'u da sujada da zaman tahiya a ɗakinka da bindiga marar harsashi, ka ga ko tana tokare ka ko tana leƙowa. Wurin alwala da bayan gida kuwa nan ake mantuwa da ita. Kada ka zare ta daga kube ka ɗora a kan wani abu, ta zauna a jikin bel. Shiga masallaci da ita ma sai ka san dokar jiharka da ta shugabannin masallacin.

Harbin kuskure da yawa a cikin gida daga tunani ɗaya yake fitowa: “ai na cire magazin.” Cire magazin ba ya fitar da harsashin da ya riga ya hau ɗakin harsashi, wato gindin bututu. Tsarin ba ya canzawa. Bakin bindiga ya kalli inda ba kowa, yatsa a waje, a fara cire magazin, sannan a ja silaid sau biyu ko uku, a kulle shi a baya, a leƙa ɗakin harsashi da ido, a taɓa da ɗan yatsa. Wanda ya juya tsarin, ya ja silaid kafin ya cire magazin, ya fitar da ɗaya ya ɗora wani. Glock da ire-irenta sai an ja kunama kafin a kwance su don wanki, to ka ga inda wannan sakaci yake kai mutum. Al'adata harsashi ba ya zama a ɗakin da ake wanki ko atisayen jan kunama, yana wani ɗaki daban, an rufe ƙofa.

Wani kuma ya sayi bindiga yau, gobe ya ɗaura ta, bai taɓa jin ƙararta ba. Sabuwar bindiga a fara goge giris ɗin kamfani, a ɗiga mai kaɗan a kan layukan da silaid ke gudu da bayan bututu, digo huɗu ko biyar sun isa. Sannan a harba aƙalla 200 na harsashin atisaye, mai dunƙulallen kai da ake rubuta wa FMJ, mai nauyin giren (grain) 115 ko 124, ana juya duk magazin ɗin da ake da su. Ka sa wa kowane lamba a gindi don ka gane mai kawo matsala. Harsashin ɗauka daban ne, mai ramin kai, JHP, irin Federal HST ko Speer Gold Dot, domin yana buɗewa ya tsaya, bai cika ratsawa ya sami na baya ba. Shi ma sai ka harba kamar 50 a bindigarka, saboda faɗin bakinsa yana sa wasu bindigogi su ƙi haɗiye shi. Idan kwanson harsashi ya maƙale a tsaye a bakin tagar da yake fita, sau da yawa sakin wuyan hannu ne, ka ƙara damƙa. Gyaran nan take: buga gindin magazin, ja silaid da ƙarfi ka sake shi. Amma idan ka ja kunama ka ji 'yar ƙara fus, ba shuri, to tsaya cak. Mai yiwuwa kan harsashi ya tsaya a cikin bututu, harbi na gaba zai iya fasa bindigar a hannunka. Harsashin da kake ɗorawa kana saukewa kullum kuma kansa yana nitsewa cikin kwanso, matsin ya ƙaru. Ka jera shi da sabo, in ya fi guntu ka fitar da shi daga aiki.

Sauran ƙanana ne, amma ana yinsu. Kada ka canza kunama da sifirin a bindigar da za ka ɗauka, bar ta yadda kamfani ya yi ta. Magazin na kamfanin bindigar za ka saya. A filin cikin gini ka haɗa toshiyar kunne da marufin kunne, ka sa tabarau, ka wanke hannu da sabulu kafin ka ci abinci saboda dalma. Lasisin jiharka ba lalle ya yi aiki a maƙwabciyarta ba, kuma New York, New Jersey da Kalifoniya ba su yarda da magazin da ya wuce harsashi 10 ba. Gidan waya da gine-ginen gwamnatin tarayya ba a shiga da ita. Uber da Lyft sun hana direbobinsu ɗauka lokacin aiki.

Gidajenmu kuwa ba sa rabo da yara, naka da na baƙi. Saman kabad da ƙarƙashin katifa ba maɓoya ba ne, yaro ɗan shekara biyar ya san duk inda babansa ke ajiye abu, kuma yana da ƙarfin jan kunama da manyan yatsunsa biyu. Ka sayi ƙaramin akwatin ƙarfe mai lambobin sirri rana ɗaya da bindigar, ka ɗaure shi da sukuru ko wayar ƙarfe a jikin gado. Bindiga ko tana jikinka cikin kube, ko tana cikin akwatin a kulle. Kana shigowa gida, kafin ka cire takalmi ka zauna, ka kwance kuben da bindigar a ciki, ka sa su tare, ka rufe, ka ja murfin ka tabbata ya kama.