Darasi na Shida: Rarrafen Jariri

Hausawa na cewa da rarrafe yaro kan tashi, kuma duk wanda ya zauna ya lura da ɗan wata takwas a kan tabarma zai ga gaskiyar maganar. Yakan dafa tafin hannu a ƙasa, ya ɗaga ƙirji, ya yi ta rangaji gaba da baya, wani lokaci ma ya fara da ja da baya, ya fashe da kuka domin ludayin da yake hari ya ƙara yi masa nisa. A cikin wannan fama ne wuyansa da kafaɗunsa da bayansa suke yin ƙarfi, idonsa kuma yake koyon auna nisan abu kafin hannu ya kai gare shi. Idan tafiyar ta kankama, hannun dama yana motsi tare da gwiwar hagu, na hagu tare da ta dama, ɓangarorin jiki biyu suna saba aiki tare tun kafin ya miƙe tsaye.

Yara ba sa fara rarrafe a wata ɗaya. A shekarar 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sakamakon binciken da ta yi kan yara 816 a ƙasashe biyar, ciki har da Gana, inda aka ga cewa lafiyayyen yaro yana iya farawa tun yana da wata 5, wani kuma sai ya kai wata 13 da rabi. Kimanin huɗu cikin ɗari ba su yi rarrafe da hannu da gwiwa ba sam. Akwai mai jan ciki, akwai mai jan gindi, daga nan ya dafa bango ya tashi. Saboda haka kada uwa ta tayar da hankalinta don ɗan maƙwabciya ya riga nata.

Abin da ya kamata mu gyara shi ne tsawon lokacin da jariri yake yi a ɗaure. Goyo abu ne mai kyau, yana kwantar wa yaro hankali, yana kuma ba uwa damar daka da wanki, amma yaron da ya wuni a baya bai sami filin gwada gaɓoɓinsa ba. Shawarar hukumar ta 2019 ita ce kada a bar shi a goye fiye da awa ɗaya a jere, kuma wanda bai fara motsawa ba a riƙa kwantar da shi rub da ciki na aƙalla minti 30 a rana, a rarrabe, yana farke, babba yana kusa. Barci kuwa a rigingine ake sa shi. Ku shimfiɗa tabarma a inuwa, ku ajiye kwano ko ƙwarya mai tsabta kaɗan gaba da inda hannunsa ya tsaya, uba ko yaya ya durƙusa a gabansa yana kiran sunansa. Ba a bukatar keken nan mai taya da ake zaunar da jariri a ciki. Ƙasar Kanada ta hana sayar da shi tun 2004 saboda yawan raunin da yake jawowa.

Mai rarrafe duk abin da ya tsinta baki yake kai wa. Kafin a sauke shi, a share tsakar gida, a kwashe kashin kaji da na awaki, a ɗauke tsabar kuɗi da ƙwayar magani da kwalbar kananzir. A rufe rijiya, a zubar da ruwan da ya rage a bokiti ko baho, domin ruwa kaɗan ya isa ya halaka jariri idan ya kifa ciki. A nisanta shi da murhu, a kuma wanke masa hannu da sabulu kafin ya ci abinci.

Idan yaro ya cika wata 9 bai iya zama da kansa ba, ko yana jan ƙafa ɗaya ba ya amfani da ita, ko jikinsa ya saki ko ya sandare, ko kuma ya daina abin da ya riga ya iya, a kai shi asibiti tare da katinsa na rigakafi, kada a jira ranar awo.