Kafin Ka Ce Jarumi Ya Kai Bam, Gyara Lissafinka

Samarinmu na ƙauyukan Birnin Kudu sun samu sabuwar sana'a: a fito daga gidan kallo, a zauna a teburin mai shayi ana lissafin ƙarfin da jarumin fim ɗin Indiya ko na katun ya kashe wajen tarwatsa dutse. Abin yana burge ni a matsayina na malamin fiziks. Amma lissafin da ake turo mini a WhatsApp, kurakuransa iri ɗaya ne kullum, har na gaji da gyara.

Babba a ciki shi ne nauyi. Yaro zai ga dutse ya ninka wani a girma, sai ya ce nauyinsa ma ya ninka sau biyu. Ina! Dutse yana da tsawo, yana da faɗi, yana da kauri. In kowanne ya ninka, nauyi ya tashi sau 8. Ɗauki falalen dutse irin namu, wanda kubik mita ɗaya tasa, wato mai mita ɗaya ta kowane gefe, ta kai kilo 2,700. Mai mita 2 ta kowane gefe kilo 21,600 ne, buhun siminti 432 ke nan. Mai mita 4 kuwa kilo 172,800. Wannan kuskuren ya taɓa cinye mini dare guda ina bin takardar wani ɗalibina layi-layi, ashe tun a layin farko ya ɓata. Da na nuna masa, sai ya ce, "Malam, ai da ido na auna." To, idon ne ya cuce ka. Ni dai nakan tsayar da hoton, in auna dutsen da tsayin jarumin ko ƙofar ɗaki, sannan in taɓa biro.

Sai gudu. Ƙa'idar ƙarfin abin da aka wurga ita ce rabin nauyi sau gudu sau gudu. Gudun sau biyu yake shiga, ku daina mantawa! Jarumi ya wurga dutsen nan mai kilo 21,600 da gudun mita 20 a daƙiƙa, amsa ita ce jul (ma'aunin ƙarfi) miliyan 4.3, kusan daidai da kilo ɗaya na nakiyar TNT. Kilo ɗaya fa. Amma sai ka ji yaro yana rantsuwa wai ya kai bam ɗin Hiroshima na 1945, wanda aka ƙiyasta da tan 15,000 na TNT. Haba, ku ji tsoron Allah.

Ƙarfin fasa abu daban, na niƙe shi daban, na narkar da shi daban. Duba ɓaraguzan: manyan ɓangarori ne ko gari? Haka in mugu ya ƙafar da kududdufi da wuta. Tafasa kilo ɗaya na ruwa daga digiri 30 yana cin jul kusan 294,000, amma mayar da shi tururi yana cin ƙarin miliyan 2.26. Wanda ya tsaya a tafasa ya bar kusan kashi tara cikin goma a baya.

Kada ka gauraya kilomita a awa da mita a daƙiƙa. Raba kilomita a awa da 3.6, ka samu mita a daƙiƙa. In an rage gudun hoto don a nuna naushi, agogon wayarka ba shi da amfani a wurin. Abin da ke kusa da kyamara yana kumbura. Mai fassara kuma in ya ce jarumi yana da ƙarfin giwa dubu, neman dariyarku yake, kada in sake ganin wannan magana a takarda.