Kurakuran da ake tafkawa a kan inbata wajen lissafin sola a kwamfuta

Rahotannin PVsyst, manhajar lissafin sola, da matasa ke turo mini in duba kusan duk ciwonsu ɗaya ne. An zaɓi fanel mai kyau, an auna karkatar rufi, an sauko da bayanan hasken rana daga NASA ko Meteonorm, amma da an iso kan inbata sai a danna sunanta a jeri a wuce. Wannan manhaja a Jami'ar Geneva aka ƙirƙiro ta, kuma lambobin da take zuwa da su na yanayin Turai ne da wutar Turai. Zaɓen Jos a taswira ba duka yake gyarawa ba. Sauran aikinka ne.

Zan fara da wanda ya ci mini kuɗi, wato sanyin Jos da boltej. Lambar Voc da ke bayan fanel, wato boltej ɗin da yake bayarwa idan ba a jona masa komai ba, an auna ta ne a digiri 25. Duk sa'ad da fanel ya yi sanyi boltej ɗinsa hawa yake yi, wajen kashi 0.27 cikin 100 a kowane digiri ga irin waɗanda ke kasuwa yanzu. Ɗauki fanel mai Voc 49.5, ka jera goma, ka samu bolt 495. Inbatarka kuma iyakarta 500. A takarda ka tsira. To bari watan Janairu ya zo, asuba ta yi a Bukuru ko Rayfield, iska ta sauka digiri 10: jerin nan ya kai bolt 515. Ga shi kuma a daren da sama ta yi garau gilashin fanel ya fi iska sanyi, kuma boltej ba ya jiran rana ta take, da haske ya ɗan fito ya tashi.

PVsyst tana zuwa da digiri 10 ƙasa da sifili a gurbin sanyi mafi tsanani, don haka za ta yi maka jan rubutu cewa jerin ya yi tsawo. Nan ne ake yin ɓarnar. A wani aiki da muka yi da damina a wajen Bukuru, yaron da ya yi lissafin ya mayar da lambar 25 don jan rubutun ya ɓace, ni kuma na sa hannu. Inbata ta yi aiki lafiya har hunturu ya kama, wata safiya allon MPPT, wato sashen inbata da ke karɓar wutar fanel, ya ƙone. Dila ya buɗe tarihin na'urar ya nuna mini boltej ɗin da ya shiga, ya ce garanti bai hau ba, kuma gaskiyarsa. Daga aljihuna na sayi wata. Da na tambayi yaron, cewa ya yi, "Oga, ai Najeriya ba a ƙanƙara, shi ya sa na gyara." Ya yi daidai da ya ƙi lambar Turai, amma 25 ba lambar Jos ba ce. Ni yanzu digiri 5 nake sakawa a duk aikin Filato. Wasu abokan sana'a na cewa na cika tsoro, su ci gaba da faɗa. A 5 ɗin, fanel tara suna ba da wajen bolt 470, kowa ya yi barci. Kuma don Allah, ƙannena, ku daina taɓa lamba don kawai gargaɗi ya ɓace. Gargaɗin nan shi ne abu mafi amfani da manhajar ta yi muku ranar.

Na biyu zafi ne, kuma a ayyukan Abuja ya fi cizo. Inbata da yawa suna fara rage ƙarfi da kansu idan zafin wurin ya kai digiri 40 zuwa 45, don kada kayan cikinsu su soye. Manhaja tana ɗaukar zafin iskar waje. Amma ina ake kafa inbatar? A wani ɗan sito ƙarƙashin bene, ko ɗakin janareta mai rufin kwano ba taga, batir a gefe, buhunan shinkafa a ɗaya gefen, an bar mata tazarar da ba ta kai tafin hannu ba. Ka shiga irin ɗakin nan a Kubwa da ƙarfe biyu na rana a watan Maris, kafin ka ciro mita rigarka ta jiƙe, fankar inbata na ta ihu, allonta na nuna ƙarfin da bai kai na rahoto ba. Sai Alhaji ya kira ka: "Injiniya, takardar da ka ba ni ba haka ta ce ba." Me za ka ce masa? A PVsyst akwai wurin saita zafin inbata a sashen sarrafa makamashi. Ni in a cikin ɗaki za ta zauna ba iska, digiri 10 nake ƙarawa a kan na waje, sannan in buɗe fayil ɗin OND, wato fayil ɗin bayanan inbatar, in tabbatar lambobin rage ƙarfi suna ciki kuma sun yi daidai da takardar kamfanin. Ku je ku ga ɗakin da idonku kafin ku buɗe kwamfuta. Wanda ya yi lissafi daga ofis bai taka wurin ba, zato yake sayarwa.

Zafi yana kuma sauko da boltej na aiki, don haka gajeren jeri zai iya faɗowa ƙasa da boltej mafi ƙanƙanta da MPPT ke aiki da shi da tsakar rana. Manhajar na gwada wannan a digiri 60, fanel a kan kwano a Abuja kuwa yakan wuce haka.

Sai maganar wutar gari. Inbatar da ke jingine da layi kaɗai, ba batir, tana mutuwa da zarar an ɗauke wuta. Haka aka gina ta, don kada ta tura wuta kan ma'aikacin da ke bisa falwaya. Haka ma in wutar ta kauce da nisa daga bolt 230 ko hez 50. Lissafin da aka bari yadda ya zo yana ɗauka akwai wuta duk awa 8,760 na shekara. Ku tambayi mai gida awa nawa suke samu da rana, ku saka a gurbin rashin aiki, ko ku yi amfani da tsarin layi mai rauni da ke sashen batir.

Sauran ba sa buƙatar dogon bayani. Ingancin kashi 98 da ke kan kwalin inbata ƙololuwa ce, a ƙaramin lodi inbata ba ta kai haka, shi ya sa ma'aunin CEC, hukumar makamashi ta Kalifoniya, ya ba lodin kashi 75 nauyin 0.53, na Turai kuma ya ba lodin kashi 50 nauyin 0.48. A SAM, wata manhajar lissafin sola da cibiyar binciken makamashi ta gwamnatin Amurka ke bayarwa kyauta, ku ɗauki inbata daga jerin CEC in tana ciki. Inbata mai KVA 5, in takardarta ta ce power factor ɗinta 0.8 ne, kilowat 4 take bayarwa. Inbatar da ke cin wat 50 tana zaune tana shanye kilowat-awa 1.2 kullum daga batir. Fanel mai wat 550 yana fitar da wajen amfiya 13, don haka jeri biyu a ƙofar MPPT ɗaya za su iya wuce iyakarta. Lissafin awa-awa yana ɓoye wutar da inbata ke datsewa idan rana ta ɓullo tsakanin gizagizan damina, ku ɗan ƙara a kan asarar da ya nuna. Jos na kan tsaunin da ya kai wajen mita 1,200, kuma wasu kamfanoni tun daga mita 1,000 suke fara rage ƙarfin na'urarsu, wasu sai 2,000 ko sama, ku duba takardar taku. In kuma inbatar da za ku saya ba ta cikin jerin manhaja, kada ku ɗauki mai kama da ita a suna. Ku nemi fayil ɗinta wurin dila, in babu ku shigar da lambobin da hannu daga takardarta.